Ƙullin Yaya

"Ba don Inna ta ce ba ne," na ce, ina ɗaure igiyar tanti a turke. "Ni da kaina nake son aurenki."

Matar marigayi yayana ce. Duk shekara shi ke kawo ta da yaransu bakin tafkin nan su kwana, bana ni na kawo su. Ba ta dubi fuskata ba, hannuna ta ƙura wa ido.

"Auta, wa ya koya maka wannan ƙullin?"

"Yaya."

"Ai na sani. Ɗazu da ka duƙa, saura kaɗan in kira ka da sunansa. Har tarinku iri ɗaya ne. In na aure ka, shi zan riƙa gani, kai kuwa ka zama baƙo a gidanka."

"Zan jure, Anti."

"Ni ce ba zan yi maka haka ba."

Ruwan ya kwanta lif. Can bakin gaɓa ƙaramar 'yarta ta ƙwala kira, "Abba! Zo ka ga kifi!"

Anti ta runtse ido, ta daɗe a haka.

"Je ka, kai take nufi," ta ce. Ta ɗauki bokiti ta nufi famfo.