Makin da Ba a Ba Mukhtaru Ba

Mukhtaru ne ya zo da maganar, wata Juma'a bayan la'asar, a filin da ke bayan gidajen katako na unguwar Jarwal, inda Hausawan Makka ke haɗuwa su yi kokawa. A shekarun nan ake aikin faɗaɗa Harami, kuma yawancin 'yan kokawar leburori ne masu ɗaukar dutse, da suke zuwa su huce gajiyar mako a jikin juna.

Shi Mukhtaru ɗalibi ne a wata kwaleji, can yake kwana, sai Juma'a yake leƙo gida. Wani malami Bamisire ya koya musu kokawar maki: ba sai an jira kaye ba. Ka kama ƙafa, maki ɗaya. Ka zagaya bayan mutum ka riƙe shi, maki biyu. Lokaci ya cika, a ƙirga. Har tsofaffin katifu Mukhtaru ya ce zai roƙo daga makaranta a shimfiɗa.

Nan take fili ya rabu biyu. Samari suka ce yanzu ne ƙaramin mutum mai dabara zai samu rabonsa, ba ƙato kaɗai ba. Dawuda mai sayar da ruwa ya ɗaga hannunsa da ya warke a karkace, ya ce wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba ya zuwa asibiti, don haka shi yana goyon bayan katifa. Dattawa suka ce za a koma tsere ne, kowa ya ci maki ɗaya ya yi ta kewaya fili har lokaci ya ƙare.

Amma babu wanda ya tada jijiyar wuya kamar Mailafiya, alƙalin filin, mahaifin Mukhtarun.

Tun kafin a haifi rabin 'yan kokawar nan Mailafiya yake yanke hukunci a wurin. Aikin dutse ya bari tuni, ɗan abin da ake ci a gida matarsa Rumasa'u ke nemowa da sayar da fura. Wannan tabarmar alƙalanci ita kaɗai ta rage masa a duniya da ake miƙe masa saboda ita. Kullum sai ya iso hannunsa cikin na amininsa Hashimu, suna tafe suna hira, ya zauna a bakin da'ira, kai a ɗan karkace. Ya hana ihu har sai an yi kaye, mutane suna yaba masa da ganin girman gari mai alfarma. Bai taɓa kuskure ba: bayan mutum na dukan ƙasa zai ɗaga hannu.

“Kokawa kaye ce,” in ji shi. “Ƙasa ce shaida. Ita ba ta da ɗan'uwa.”

“Ya abuya, ai ba kujerarka za a taɓa ba,” Mukhtaru ya ce wa ubansa da Hausarsa mai kama da ta Larabawa. “Kai ne dai alƙali. Wa ya kai ka ido a filin nan?”

“Na ce a bar ta yadda aka gan ta.”

Mako bayan mako ana ja. Mutane suka fara cewa girman kai ne, tsoho ba ya son a ce ɗansa ya koya masa abu. Maganar ta yi wa Mukhtaru ciwo, don shi duk ɗokinsa bai wuce ubansa ya gan shi ya yi nasara ba. Siriri ne, a tsohuwar doka bai taɓa kada kowa ba. Da aka ƙirga hannuwa, samari suka rinjaya. Mailafiya ya ce to a nemi wani alƙalin. Fili ya ƙi, ɗan ya fi kowa ƙi, har da rantsuwa. Hashimu ya buɗe baki zai yi magana, Mailafiya ya matse masa hannu.

Juma'ar da ta biyo aka shimfiɗa katifu. Mukhtaru ya shiga da wani ƙato ɗan unguwar Hindawiyya. Aka yi tsit kamar yadda aka saba. Yaron ya sunkuya, ya sulale ta ƙarƙashin hammatar ƙaton, sai ga shi a bayansa ya ɗaure shi tam. Maki biyu, ko jariri ya gani. Ya ɗago kai yana haki, yana murmushi, ya dubi ubansa.

Hannun Mailafiya bai motsa ba.

Mukhtaru ya kama ƙafa. Shiru. Ya sake zagayawa. Tsohon na zaune, kai a karkace, kamar ba a fara ba. Gunaguni ya tashi, wani ya ce ko don haushin doka ai bai kamata mutum ya zalunci ɗan cikinsa ba.

Mukhtaru ya saki abokin karawarsa, ya zo ya tsaya a gaban tabarmar. Hawaye ne a fuskarsa, a gaban kowa.

“Halas, shi ke nan, ya abuya. Ka ci. Ba za ka ƙara ganina a filin nan ba.”

Ya ɗauki rigarsa ya kama hanyar makaranta, ko gida bai biya ba.

Sai da fili ya watse Hashimu ya tada amininsa. Sun yi nisa a lungu kafin Hashimu ya ce, “Alhaji, don Allah ka gaya wa yaron nan.”

“Ya bar karatu ya dawo yi mini jagora? A'a.” Can ya ce, “Hashimu, kamun da ya yi, ya yi kyau?”

“Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba.”

Mailafiya ya gyaɗa kai, hawaye na zuba daga idanun da suka mutu tun aikin dutse, tun lokacin da ya koma yin alƙalanci da kunne.