Hanyar Ruwan da Gyara Ya Toshe

Kin tambaye ni, Lantana, me ya sa fuka ta kama ɗanki Mudi tun bai isa makaranta ba, alhali ba ki taɓa sakaci da shi ba. Na ga kuma kanki kike zargi, abin da ba na so ke nan. Na tsufa ina sauraren ƙirjin yara a asibiti, na san misali ya fi dogon turanci shiga kunne, to saurara, 'yata.

Wani mai lambu ne ya gaji fadama a wurin ubansa. Daga rijiya ruwa yake bin wata hanya guda har ya kai kan albasarsa a can ƙarshen lambun, albasar nan kuwa ita ce cin gidansa na rani. Manoman wurin suna da dabara mai kyau: in laka da ruɓaɓɓen ganye suka taru a hanyar ruwa, ba sa zubarwa, sai su kwashe su yaɓe gefen hanyar da su, ruwa ya samu wucewa, gefe ya yi ƙarfi. Kowa yana yin haka jefi-jefi. Shi kuwa mutumin namu, tun kakansa gidansu ba su san gyara ya isa ba. Ganye ɗaya ya faɗa, ya ɗauko fartanya. Akuya ta taka gefe, ya kankare ya sake yaɓewa. Kowane yaɓe yana ƙara kauri ta ciki, gogan naki yana tsaye yana jin daɗin santsin aikinsa. Hanyar da a da ƙwarya ke bi a sake ta koma ko ludayi sai an karkata shi, ruwa na kutsawa da ƙyar yana wata 'yar ƙara kamar fito. Da albasa ta fara yaushi sai ya ce ai datti ne, ya ƙara himma. Ranar da zafi ya tsananta ya yi ta jan guga har kafaɗa ta sage, ruwan yana tumbatsa yana malala a bakin rijiya, ko ɗigo bai kai ƙarshe ba. Albasa ta ƙone ƙurmus, a gefen hanyar ruwan da duk fadamar babu mai kyanta.

Haka jikinmu yake. Ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina mu da su, kowace tana share cikinta, ta cinye abin da ya lalace ta sake gini da shi, rahama ce ta Ubangiji. Masu bincike suna ganin a wasu yara wannan aikin yana wuce gona da iri a hanyoyin numfashi, har su yi kauri su ƙuntata kamar hanyar ruwan nan, kuma gado yana da hannu a ciki, ko ta uwa ko ta uba, ba wanda ya zaɓa. Ƙirjin Mudi ba ragwanci yake yi ba, ƙwazo ne ya yi masa yawa, hayaƙi kaɗan ya isa ya tayar da shi. Ki riƙe masa maganin shaƙarsa yadda aka nuna miki. Turaren da kike turara masa safe da yamma don ƙirjin ya washe kuwa, na san ƙauna ce, amma ki ajiye kaskon nan tun yau. Magabata sun riga mu faɗa: garin neman gira, a rasa ido.