Gadar da Ba Ta Taɓa Nuna Ja Ba

"A rufe ta yau, yallaɓai," na ce wa darakta, na juya masa kwamfuta. Manhajar da ke hasashen gajiyar ƙarfe ta shafe ƙasan sabuwar gada da ja jawur. Manyan motoci suna lanƙwasa ƙarfen kaɗan-kaɗan, nan da 'yan shekaru zai tsage.

"Injiniya, gadar da ko fentinta bai bushe ba?"

"Ƙarfe ba ruwansa da fenti. Rigakafi ya fi magani."

Na kafe, na buga tebur, har da barazanar ajiye aiki. Kafin a tashi an gindaya shinge. Abokan aiki suka yi ta jinjina mini, kaina ya kumbura.

Da yamma na ɗauko 'yata daga makaranta, muka bi inda aka karkatar da motoci. Cunkoso ya tsayar da mu cak a tsakiyar tsohuwar gada, wadda ta girmi kakana. Tirelar siminti a gaba, tankar mai a baya.

"Baba, me ya sa motar ke rawa, bayan a tsaye muke?"

Na kira darakta a waya. "Yallaɓai, ita tsohuwar gadar fa, me manhaja ta ce?"

"Kwantar da hankalinka, injiniya. Ita ba ta taɓa nuna ja ba."

"Yaushe aka gwada ta?"

"Gwaji kuma? Ai ko zanenta ba mu da shi. Ba a taɓa saka ta ciki ba."