Warin Da Ba Mai Ji Sai Zuleide

Dona Zuleide ta fi shekara hancinta na dama a toshe, amma in ka tambaye ta sai ta ce mura ce. Wace irin mura ce ba ta tafiya, ita ta sani. Rumfarta ta soyayyen kifi tana kasuwar bakin kogi a birnin Belém na ƙasar Brazil, kuma duk layin an yarda da hancinta, don tun daga nesa take gane kifin da ya kwana.

Mai kawo mata kifin shi ne Osmarino masunci, ƙanin marigayi mijinta. Tun yana saurayi yake sauke mata kwando kafin kowa, kuma albarkacinta sauran matan layin suke saye a wurinsa. Da wannan cinikin yake riƙe matarsa da 'ya'yansa.

Da damina ta yi nisa sai Zuleide ta fara jin wani wari, irin na abin da ya ruɓe a lungu. Ta wanke tebur, ta canza mai, ta share kwata. Warin na nan. Daga nan ta fara yi wa kwandon Osmarino kallon gefen ido.

"Ƙanina, kifin nan na yau ne kuwa?"

"Haba Yaya! Dubi idonsa mana, har yanzu ke yake kallo."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Tun daga ranar komai ya yi sai ya zama shaida a wurinta. In ya zo da wuri, ta ce na jiya ne yake sauri ya rabu da shi. In ya makara, ta ce ya tsaya wanke shi da lemon tsami. In ya gaishe ta da fara'a kuwa, to wannan rashin gaskiya ne muraran.

'Yarta Jucilene ta ce, "Mama, ni fa ban ji warin komai ba. Kullum hannunki na dafe da kunci, ga majina har da koriya. Mu je asibiti mana."

"Au, ke ma kawun naki ya ja ki gefensa?"

Maimakon asibiti, kemis take zuwa ta sayi kafso, ta sha, ta sake saye. Warin ya bi ta gida, ya bi ta har coci, amma ta ce a kayanta ya kama.

Wata Asabar, kasuwa ta cika, ta kifar da kwandonsa a gaban jama'a.

"Ruɓaɓɓen kifi kake kawo mini! So kake ka kashe mini mutane?"

Matan layin suka matso suna shinshinawa. Gaskiya ba wadda ta ji komai, amma wa zai musa wa hancin Zuleide? Osmarino ya durƙusa yana tsince kifinsa daga cikin taɓo. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Yaya, ni?" Kafin mako ya zagayo ba mai ko taya kwandonsa.

Ta koma saye wurin wani masunci. Warin bai tafi ba, ita kuma ta ce duk bakinsu ɗaya. Sai wata mai saiwoyi ta ba ta wani ɗan busasshen soson daji da ake cewa yana wanke hanci, ta ce ta dafa ta yi sirace. Ta yi. Hancin ya ɗauki zafi kamar an zuba barkono, haɓo ya ɓalle, sai da Jucilene ta kai ta asibiti a tasi.

Bayan an tsayar da jinin, likita ta sa aka ɗauki hoton kanta, ta nuna mata.

"Uwa, kin ga wannan kogon a cikin ƙashin kunci? Kowa yana da shi, iska ce take zama a ciki. Naki funfuna ce ta dunƙule ta cika shi. Warin da kike ji daga nan yake fitowa."

"Funfuna? Irin ta bango?"

"Danginta ce. Kafson da kike sha ba ya kashe ta, soson nan kuma ƙona hanci yake yi. Ta cikin hancin za mu bi mu ciro ta."

Aka yi aikin, aka koya mata wanke hanci da ruwan gishirin da aka tafasa ya huce. Da safiyar da ta fara jin ƙamshin kofi ba tare da wani wari ba, kofin a hannunta ya huce. Kunya ta rufe ta.

Ta shiga jirgin fito ta haye tsibirin su Osmarino. Babu kwalekwalensa na su a ɗaure a gindin gidan. Matarsa Edileuza ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce mata shigo ba.

"Ya sayar da kwalekwalen. Ya bi masu haƙar zinariya cikin daji, har yau ko waya ba mu samu ba."

"Ƙanwata, ba kifinsa ba ne, hancina ne."

"Ni na sani tun ranar. Ki koma kasuwa ki faɗa musu da irin muryar da kika faɗi ta farko."

Ta koma, ta faɗa da ƙarfi. Matan suka ce ayya, kowa ta ci gaba da suyarta. Har yanzu in kwalekwalen masunta suka iso, Zuleide takan miƙa wuya tana duba fuskoki.

Jama'a, toshewar hanci da majina da nauyin fuska in suka wuce wata uku, ko kana jin warin da ba mai ji sai kai, to ba mura ba ce. Yana iya zama borin jiki ga ƙura ko hayaƙi, ko tsiro a hanci, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko funfuna, kuma kowanne da maganinsa. A je likita ya duba tun da wuri, kafin a zargi wanda bai ji ba bai gani ba.