Dillalin Cikin Akwatin Sifika

Tunda ka kawo maganar rushe zauren gidanku don a ƙara wa falo girma, bari in ba ka misali kafin ka kira magina.

A zamanin da kaset ke tashe, akwai wani tela a unguwarmu mai rediyon falo, irin mai jikin katako da fitila ruwan ɗorawa a fuska. Akwatunan sifika biyu ke gefensa, kowanne da matsakaiciyar sifika a ƙasa da 'yar ƙarama a sama. Allah sarki, rediyon da! In aka kunna shi da hantsi, har maƙwabta sai sun sassauta hira. Telan yana da kaset ɗaya da yake ji da shi, wanda aka ɗauka ranar bikinsa. Ana tsakiyar kiɗa sai gwaggonsa ta rangaɗa guɗa, siririya, doguwa, har sai da makaɗa suka saurara mata. Gwaggon ta rasu, guɗar nan ce kaɗai ta rage daga muryarta. Mahaifin telan ƙanenta ne, tsoho a ƙauye, kunne ya fara nauyi. Ya aiko cewa zai zo ran Juma'a ya ji Yayarsa.

Telan ya ga ai Baba ba zai ji ta da kyau a waɗannan sifikun ba, sai ya sayo manya biyu masu fitar da sauti mai kauri, waɗanda ake kira wufa. Da ya buɗe akwatunan zai ɗaura su, sai ya tarar da wani ɗan allo mai naɗin jar waya a kowanne, zaune tsakanin rediyo da sifiku. Aikin allon rabon sauti ne: mai kauri ya tura wa babba, siriri ya miƙa wa ƙarama. To, telan ya sha wuya a hannun dillalan yadi, a wurinsa duk abin da ya tsaya a tsakiya mai cin la'ada ne. Ya ce, "Ashe wannan dillalin ke rage mini murya." Ya sa almakashi ya datse allunan, ya haɗa manya da ƙanana kai tsaye da bayan rediyo, jar waya da ja, baƙa da baƙa. Ya murɗa ƙara don gwaji. Ganga ta buga har kwanukan jere suka hau rawa. Yana ta washe baki, bai kula da ƙaurin da ya taso ba. Ƙananan sifikun ne suka ƙone, don an ɗora musu kayan da ba nasu ba.

Ran Juma'a tsohon ya iso, aka shimfiɗa masa tabarma gaban rediyo. Ganga ta cika ɗaki tana dukan ƙirji. Wurin guɗa ya zo ya wuce a dushe, kamar a cikin tulu ake yin ta. Tsohon ya karkato kunne ya ce, "Ina Yaya? Ko ba a zo wurin ba?" Aka mayar da kaset baya, aka sake, aka kuma. Daga ƙarshe ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, "Bar shi haka, ɗana. Kunnena ne." Ya koma ƙauye yana ganin laifin kunnensa, bai kuma ga daminar shekarar ba.

Daga baya aka kai rediyon wurin mai gyara, ya mayar da allunan, ya sa sabbin ƙananan sifiku, guɗa ta dawo tas. Telan ya saurare ta sau ɗaya shi kaɗai, ya kashe rediyon. Wallahi har yau in na tuna, tausayin su biyun nake ji. Hausawa dai sun gama magana: garin neman ƙiba an samo rama.