Babur ɗin Tahlia Ya Ƙi Gudu

Karo na uku ke nan ina kwance kafireton ƙaramin babur mai ƙafa huɗu na ƙanwata Tahlia. Na canza fulogi, na wanke salansa, na sake haɗa fetur da baƙin mai. Har yanzu tafiyar hawainiya yake, ga tseren yara ranar Asabar.

"Shekara biyu kina koyon kanikanci a Dubbo," in ji Baba, "amma tumakinmu sun fi shi gudu!"

Na haɗiye maganar, na ci gaba.

Ranar Juma'a na tarar da Tahlia a rumfa, tana ɗaure notin da ke rage totur da sifana.

"Yaya, kar ki faɗa," ta ce. "In ya gyaru, Baba zai sa ni tseren. Tsoro nake ji."

Na karɓi sifanar, na ƙara ɗaure shi tamau, na je na sami Baba.

"Ya fi ƙarfina," na ce.