Sandunan da Suka Fasa Rufi

Malam Tukur, ka ce in koya maka yadda ake jera zane-zanen ƙididdiga da yawa a shafi guda. Umarnin ba wuya, layi biyu ne. Amma kafin ka taɓa kwamfutar, zauna ka ji wani misali.

A wata cibiyar binciken noma an yi ma'aikata huɗu, kowa aka ba shi irin wake nasa ya gwada a gonakin ƙauyuka shida. Cikinsu ne za a zaɓi wanda zai riƙe sabuwar tashar gwaji. Biyu daga cikinsu aji ɗaya suka yi tun jami'a. Ɗayan gwanin kwamfuta ne, ya san R, harshen nan da ake ba na'ura umarni da shi ta zana alƙaluma, kamar yunwar cikinsa. Ga shi da iya baki gaban manya, shi ya sa kowa ya ɗauka tashar tasa ce. Ɗayan kuwa mutumin gona ne, kullum takalminsa da laka, a taro ko tari ba ya yi. To, mai lakar nan wakensa ne ya yi albarka, buhu ashirin a kadada, na gwanin namu goma sha biyu da ƙyar. Da aka ce gwanin ya haɗa zanen kowa a shafi guda don taron kwamiti, sai ya zauna yana kallon lambobin abokinsa. Mutumin da yake koya wa lissafi a makaranta, yau shi ne zai sha gabansa? Hassada ce tsagwaronta, ya kuma san ita ce, amma bai kore ta ba.

Sauya alƙaluma ba zai yiwu ba, domin kowa na da kwafinsa. Sai ya koma ga abin da ke hannunsa, wato rabon shafi. A ƙa'ida gida huɗu ake raba shafin daidai wa daida, biyu sama biyu ƙasa, a sa musu ma'auni ɗaya wanda zai ɗauki sanda mafi tsawo, domin tsawon sanda ne ke nuna yawan buhuna. Shi kuwa gogan ya ba kansa rabin shafi na sama sukutum, ya raba ƙasa uku, ya cusa abokin a lungun ƙarshe, wuri kamar akurkin kaji. Sannan ya tsayar da rufin ma'auni a goma sha biyu, daidai kan nasa sandunan, don su cika gidansu su yi ƙasaita. Da na'ura ta zana, sandunan abokin ba su sami wurin tsayawa ba. Suka fasa rufin, suka bi ta kan rubutun sunansa suka rufe shi. Gwanin ya gani ya yi murmushi, a ransa ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga matsi, ga ƙazanta, ga shi ba suna, ba wanda zai tsaya kallon wannan.

Ranar taro aka haska shafin a bango. Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce da ta shekara talatin tana duba irin waɗannan zane-zane. Ta kalli ƙaton na sama ta gyaɗa kai, ta wuce na biyu da na uku, sai idonta ya maƙale a lungu. Ta gyara tabarau ta ce, "Wancan da gidansa ya yi masa kaɗan, na wane ne? Ina sandunansa suka nufa?" Gwanin ya fara kame-kame, wai na'ura ce ta yi kuskure. Ta ce to ya gyara yanzu, ya ɗaga rufin har a ga inda suka tsaya, ya kuma daidaita gidajen. Da hannunsa, idon kowa a kansa, ya goge goma sha biyu ya rubuta ashirin da biyar. Nan take nasa sandunan suka durƙushe zuwa rabin gida, na abokin suka miƙe. Sauran taron duk a kan lungun nan aka yi shi. Aka tasa mai lakar da tambayoyi, yaushe ya shuka, yaya ya yi da tsutsa, me manoma suka ce, sai ga shi mutumin da ba ya magana ya san amsar komai. Kafin azahar an ba shi tashar.

Da gwanin ya jera gidajen bisa gaskiya, da an duba an ce madalla an wuce, iya bakinsa ya ƙarasa masa sauran. Amma shi da kansa ya nuna wa kwamiti inda za su duba. Saboda haka, Malam Tukur, in ka zo rabon shafi, ba kowane zane haƙƙinsa, ka auna su da ma'auni ɗaya, ko da na wanda ya tsone maka ido ne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.